Ranar da Malam Abdullahi Ya Bar Runduna

A wajen shekarar 1807, rundunar jihadi tana kan hanyar Alƙalawa, sai Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, ya sulale ya nufi gabas, niyyarsa Makka. Ba tsoron yaƙi ya kore shi ba. Gani ya yi jama'a sun koma neman mulki da ganima, watau abin da aka fito kawarwa.

Da ya isa Kano, mutanen gari suka roƙe shi ya karantar da su. Ya yi musu tafsiri, ya wallafa Liya'ul Hukkami a kan mulki bisa shari'a, sa'an nan ya juya gida. Abin da ya rasa a fagen fama, a bakin alƙalami ya same shi.