Robert A. LeVine da binciken shaƙuwar jarirai a ƙasar Hausa

Robert Alan LeVine (1932–2023) masanin al'adun ɗan Adam ne ɗan Amurka, wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana nazarin yadda al'ummomi daban-daban ke renon 'ya'yansu. A fagen ilimin shaƙuwar jariri da mai renonsa, ana tunawa da shi saboda binciken da shi da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Hausa, da kuma saboda tsayuwarsa a kan cewa ba a auna tarbiyyar wata al'umma da mudun wata.

An haife shi a birnin New York. Ya yi karatu a Jami'ar Chicago, ya kuma sami digirin digirgir a Harvard a 1958 a ƙarƙashin John Whiting, bayan ya zauna cikin al'ummar Gusii ta Kenya daga 1955 zuwa 1957. Ya koyar a Chicago daga 1960 zuwa 1976, inda ya haɗa da samun horo a fannin nazarin ƙwaƙwalwa da halayyar mutum, sannan ya koma Harvard ya zauna har ya yi ritaya a 1998. Littafinsa na 1966, Dreams and Deeds, ya kwatanta mafarkan ɗaliban sakandare Hausawa da Yarbawa da Ibo don auna burin cin nasara a rayuwa. Aiki ne da ya jawo gardama, kuma ba shi ne mafi ƙarko cikin ayyukansa ba.

Lokacin da LeVine ya zo arewacin Nijeriya a 1969 ya yi aiki tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ilimin shaƙuwa yana tashensa. Likitan nan na Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a 1951 yana cewa jariri na bukatar dangantaka mai ɗumi kuma mai ɗorewa da uwarsa ko wadda ta tsaya a madadinta. Mary Ainsworth ta gwada wannan tunani a Yuganda a 1954 da 1955, daga baya ta ƙirƙiro gwajin da ake raba jariri da uwarsa na 'yan mintoci a ga yadda zai tarbe ta idan ta dawo. Amma hoton da yawancin masanan Turai da Amurka suka riƙe a zuciya shi ne na uwa ɗaya da jariri ɗaya a ɗaki ɗaya, tana kallon idonsa tana yi masa magana.

Gidan Bahaushe ba haka yake ba. Jariri yana tashi ne a tsakar gida, tsakanin uwa da kishiyoyinta da kaka da goggo da 'yan mata masu raino. Da safe yana bayan wannan an ɗaure shi da majanyi tana daka, da hantsi yana cinyar waccan tana tsince shinkafa, idan ya nemi nono a miƙa wa uwarsa. Ga kuma kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ko kallonsa ma sai a fakaice. Sarah LeVine, matar Robert kuma abokiyar bincikensa, ta zo da horon da ke ɗaukar irin wannan kawar da kai a matsayin alamar haɗari ga hankalin yaro, kuma abin ya tayar mata da hankali da farko. Su biyun sun ba da labarin a littafinsu na 2016, Do Parents Matter? Abin da ta gani daga baya shi ne yaran nan suna tashi lafiya lau, masu fara'a da son mutane, domin wasan da alkunya ta hana uwa yi, kaka da sauran matan gida suna yin sa har ya wadata.

Sakamakon binciken ya fito a 1977 da sunayen Robert Marvin, wanda ɗalibin Ainsworth ne, da VanDevender da Iwanaga da LeVine su biyu. Sun lura da jarirai 18 masu wata 6 zuwa 14 a wani garin kasuwa na Hausawa. Sun tarar kowane jariri yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, amma akwai guda da ya fi karkata gare ta, kuma ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da hulɗa da shi, ko ita ta haife shi ko ba ita ba. Sun ga ana amsa kukan jariri da hanzari, ba a barinsa ya yi nisa da jikin babba saboda murhu da dabbobi da sauran haɗarin tsakar gida, kuma jaririn yakan sake jiki ya taɓa abubuwa ya yi wasa ne idan wadda ya saba da ita tana kusa. In ta tashi, sai ƙiwa da kuka.

An karanta wannan sakamako ta fuska biyu. Magoya bayan Bowlby, irin su Marinus van IJzendoorn na Holan, sun kafa hujja da shi cewa shaƙuwa halitta ce ta kowane ɗan Adam, tunda ko a gidan da hannaye suka yi yawa jariri yana zaɓar madogara. LeVine bai musa wannan ba. Abin da ya ƙi shi ne a ɗauki salon renon masu matsakaicin hali na Amurka a mayar da shi ma'aunin lafiyar hankali ga duniya duka. Tun 1974 ya bayyana cewa iyaye a ko'ina suna bin buri uku bi da bi: yaro ya rayu, ya iya neman abincinsa, ya ɗauki ɗabi'un al'ummarsa. Inda mutuwar jarirai ta yi yawa, buri na farko ne ke tsara komai, shi ya sa goyo da yawan shayarwa da saurin rarrashi suka fi hira da jariri muhimmanci. Ya faɗaɗa wannan a littafin Child Care and Culture na 1994, wanda ya kwatanta matan Gusii da na Boston. A nan hujjarsa ta fi ƙarfi, kuma duk wanda ya tashi a babban gida zai gane gaskiyarta.

Sai dai jarirai 18 a gari ɗaya ba su isa su wakilci ƙasar Hausa ba, kuma binciken ya tsaya kafin shekarun yaye, lokacin da ake kai yaro gidan kaka a raba shi da nono dare ɗaya, wani lokaci ma ya zarce riƙo. Gidajen birni na yau, inda ma'aurata ke zaune su kaɗai a ɗakin haya babu kaka babu goggo, tambaya ce da ke jiran masu bincike daga cikin Hausawa kansu.

Amfanin aikin ya wuce jami'a. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na jinyar tamowa mai tsanani sun sa wasa da yaro da nuna masa kulawa cikin matakan magani. A N'Djamena, inda Hausawa suka daɗe da zama tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, ƙungiyar agajin lafiya ta ALIMA da takwararta ta Chadi, Alerte Santé, sun yi shekaru suna jinyar irin waɗannan yara. Ma'aikaciyar jinya a irin wannan ɗaki, idan ta ga uwa matashiya ta kau da kai daga ɗan farinta, tana bukatar ta bambance alkunya da ciwon damuwar bayan haihuwa, ta kuma tambayi wacce ke goya yaron a gida, domin ita ma a jawo ta cikin jinyar.