Gadon Abdallah ag Oumbadougou: Gyara ga Wani Ma'auni

Tun rasuwar Abdallah ag Oumbadougou, makaɗin jita na Abzinawan Nijar, a watan Janairun 2020 ake ta nanata wani ra'ayi a kansa: wai ɗan koyi ne na kiɗan rok, ya ɗauko salon Jimi Hendrix ya naɗa masa rawani, kuma bai zama abin ambato ba sai da faifan Desert Rebel ya fito da shi a Faransa a 2006. Tarihin tawayen Abzinawan Nijar da ya yi kiɗa a zamaninsa, daga kisan Cintabaradan na 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu, 1995, sananne ne ga manazarta. Ma'aunin da aka auna mutumin da shi ne nake ja da shi.

Mai wannan ra'ayi yana da hujja, kuma ba ta raini ba ce. Jita baƙuwa ce a Azbin. Samarin da fari da rashin aikin yi suka kora Aljeriya da Libiya sun saurari makaɗan Turai da Amurka, kuma ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta riga Takrist n'Akal, wadda Abdallah ya kafa a ƙarshen shekarun 1980. Duk na yarda. Sai dai aron kayan kiɗa daban, aron kiɗa daban. Wanda ya saurare shi da kunnen da ya saba da molo zai ji karin ya tsaya a wuri guda yana zagayawa, jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, tafi na biye da su irin na kiɗan tande na Abzinawa. Mu nan Kudancin Kaduna, inda jita ta daɗe a coci tana raka waƙoƙin Hausa, mun san ba wanda ke kiran mai kaɗa ta almajirin Hendrix.

Babban raunin wannan ra'ayi shi ne batun 2006. Kafin Bature ya ji sunansa, kasakasansa sun riga sun ratsa Arlit da Agadas, ana kwafa daga rediyo zuwa rediyo a ɓoye, domin hukuma ta hana su a zamanin tawaye. Da wuya gwamnati ta ɓata lokacinta kan kiɗan da bai da masu saurare. Faifansa Anou Malane ma na 1995 a ƙasar Benin aka ɗauke shi, kamfanin Sahel Sounds bai sake fitar da shi ba sai 2019.

A nan ya kamata in taƙaita da'awata. Ba zan ce waƙar fim ta Hausa daga gare shi ta samo wani abu ba. Hujja ba ta kai can ba. Abin da ta nuna shi ne makaɗi Mdou Moctar, wanda ya ce kallon wasan Abdallah ne ya sa shi sha'awar jita, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da sarrafa murya ta kwamfuta irin ta situdiyon Hausawa, ya kuma yaɗu ta wayoyin hannu. Ke nan hanyar wannan gado, a iya abin da ake gani, ta biyo ƙasar Hausa kafin ta tsallaka teku.

Saboda haka manazarta kiɗa na jami'o'inmu, musamman Sakkwato da Zariya, su nemi tsofaffin kasakasan nan tun masu riƙe da su suna raye.