Ƙaramin Jirgin Ƙasa na Zariya zuwa Jos, 1914–1957

Mutumin Ƙofar Kibo da ya yi niyyar zuwa Jos a zamanin da muke magana, sai ya yi sammako ya fita ganuwa, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni, kana ya isa tasha a Sabon Gari. A can zai tarar da hanyar jirgi iri biyu. Babba ita ce ta Kano, wadda ta iso Zariya a 1911, faɗinta ƙafa 3 da inci 6. Ƙaramar kuwa ƙafa 2 ce da inci 6, ita ce tasa.

Kuza ce dalilin gina ta. Kafin zuwanta, 'yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka daga duwatsun Jos har Loko a bakin Binuwai, abin da ya ci wa kamfanonin Turawa kuɗi da lokaci. Aka fara aiki daga Zariya a 1911, aka kai Rahama a 1912, aka dangana da Bukuru a 1914, tsawon mil 143. Turawa suka raɗa mata sunan Bauci, don a lokacin ƙasar Jos tana cikin Lardin Bauci, amma ba ta taɓa shiga garin Bauci ba. Talakawa ne suka yi aikin, da yawansu kuwa ta hannun hakimai aka tara su ala tilas. Irin wannan aiki na shimfiɗa hanyar jirgi a ƙasar Zazzau shi Sarki Aliyu ɗan Sidi ya yi wa Waƙar Diga.

Jirgin da matafiyinmu zai shiga gauraye ne: taragun kaya da na mutane, kai ɗaya ke jansu. Saboda haka tafiyarsa ta bi halin kaya. A tasoshi kamar Soba, Dutsen Wai, Kudaru da Rahama sai a tsaya, a kwance tarago, a ɗaura wani, kan jirgi ya sha ruwa, fasinja kuwa su sauka su yi alwala, su sayi abin da matan ƙauye suka kawo talla. Daga Jengre sai hawa ya tsananta, gama Zariya tana wajen ƙafa 2,000 bisa teku, Jos kuwa wajen 4,000. Nan mai zuba wuta zai yi gumi, hayaƙi da tartsatsi su riƙa shigowa ta taga. Tafiyar takan ci yini.

Abin lura a nan shi ne, ko da yake don kuza aka yi hanyar, mutanen ƙasa sun mayar da ita tasu. Barikokin haƙar kuza sun tara dubban leburori da ba su noma, sai hatsin ƙasar Zazzau ya sami kasuwa. Fatake da masu sana'a da almajirai da masu cin rani suka bi ta, Hausawa suka yawaita a Jos da Bukuru.

To, ƙanƙantar da ta sa aka gina ta da araha ita ce ta zama ajalinta. Taragunta ba su iya hawa babbar hanya, sai an sauke kowane buhu a Zariya an sake lodi. Da babbar hanya ta iso Jos daga Kafancan a 1927, kuza ta koma bin ta zuwa Fatakwal ba tare da sauke-sauke ba. Ƙaramin jirgi ya saura da hatsi da talakawa, ya yi shekara 30 a haka, motoci na rage masa ciniki, har aka rufe shi a ƙarshen Satumba 1957.

An ajiye wasu kawunansa a gidan tarihi na Jos. Amma labarin waɗanda suka hau shi yana bakin tsofaffi ne kaɗai, su kuwa suna ƙarewa. Ya kamata malaman tarihi su tura ɗalibansu garuruwan da ya bi, su rubuto abin da ya rage tun da sauran masu faɗa.