Likita Parry da Ciwon Zuciyar Masu Jego

A ƙasar Katsina, daga Kurfi da Dutsin-Ma har Malumfashi, babu wanda bai san wankan jego ba. In mace ta haihu, sai a dafa ruwa a babbar tukunya har ya tafasa, ta riƙa tsoma ganye tana fyaɗa wa jikinta safe da yamma, har kwana arba'in, wata ma ta zarce. A wasu gidajen a kan hura wuta ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta bisa. Sa'an nan ga kunun kanwa don nono ya kawo. Abin da tsofaffi ke gudu shi ne sanyi, gama sun ce in ya shiga jikin mai jego ba ya fita.

To, amma akwai wani ciwo da ya daɗe yana ɗaukar masu jego. Mace ta sauka lafiya, an yi suna, an watse. Bayan 'yan makonni sai ƙafafunta su kumbura, ta kama tari da haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine. In an tambayi mutanen gida, sai su ce sanyi ne ya kama ta, wanka bai isa ba, a ƙara wuta.

Cikin 1969 wani likita mutumin Birtaniya, Eldryd Parry, ya zo Zariya ya zama malamin likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya tarad da irin waɗannan mata a asibiti da yawan da ya ba shi mamaki, gama a Turai ciwon ba safai a ke ganinsa ba, amma a Zariya an ƙiyasta wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu. Shi da abokin aikinsa Likita Davidson suka bi mata 224 suna rubuta halinsu. Ba su tsaya kan awo kaɗai ba. Suka tambayi kowacce garinsu, suka kuma tambayi ɗalibansu na kabilu dabam dabam yadda a ke jego a wurinsu. Cikin 1974 suka buga abin da suka gani: ciwon ya fi yawa wajen Zariya da Malumfashi, inda a ke matsa wa wanka da kanwa ƙwarai.

Ga yadda suka fassara al'amarin. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tsare ruwa a jiki, jini ya ƙaru cikin jijiyoyi. Zafi kuwa yana buɗe jijiyoyin fata, sai zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Zuciyar da ta riga ta gaji da ɗawainiyar ciki, ka ga an aza mata kaya biyu, kamar jakin da aka yi wa lodi yana tsakiyar hawan tudu. Da aka ba matan maganin da ke fitar da ruwa da mai ƙarfafa zuciya, da yawa suka sami sauƙi da sauri. Abin yabo ga mutanen nan shi ne ba su saki matan ba bayan an sallame su. Aka yi ta neman su shekara da shekaru, har cikin 1998 aka buga ƙarshen labarinsu, aka ga hawan jini ya kama da yawa daga cikinsu.

Parry ya bar Zariya cikin 1977, ya rasu cikin 2022. Maganarsa ta shiga littattafan likitoci na duniya, har sunan kanwa ya kai inda ba a taɓa ɗanɗana ta ba.

Amma bincike ba ya ƙarewa a hannun mutum ɗaya. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye ya auna jinin masu ciwon, cikin 2015 ya nuna suna da ƙarancin wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, wai shi seleniyam. Ya kuma jagoranci wani bincike a asibitoci da dama na Nijeriya, wanda aka buga cikin 2020. Can ba a ga wanka da kanwa sun raba masu ciwon da masu lafiya ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatu, da rashin sana'a, da hawan jini lokacin goyon ciki.