Kalmar "on" da tarkon "a kan" a makarantun Yamai

A watan Maris na 2025, sabon kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Tunda Ingilishi ya samu wannan kujera, ya dace a duba ta wace ƙofa yake shiga kan yaranmu. Kalma guda ta isa misali: "on".

Ɗalibi a Yamai yakan gamu da ita a shekararsa ta farko a kwaleji, kuma ta bakin Faransanci. Malam ya ce "on" ita ce "sur", yaro ya juya ta a zuci zuwa "a kan". Muddin littafi ne bisa tebur, ko mota bisa gadar Kennedy, lissafin na tafiya daidai. Da an rataya hoto sai ya wargaje. Ingilishi ya ce "on the wall", Faransanci ya ce "au mur", Bahaushe kuwa ya ce a jikin bango. Wanda ke kan bango, ai mai shirin dira cikin gida ne.

Asalin ma'anar "on" taɓawa ce da jingina, tsayi ba sharaɗi ba ne. Shi ya sa ƙudan da ya manne a rufin ɗaki, ƙafafu sama, shi ma "on" ne. Hausa ta rarraba wannan fili ga gaɓoɓin jiki: kan daga kai, bakin daga baki, sai jikin. In aka ce Yamai tana "on the Niger", a bakin kogi take. Kwale-kwale ne ke kansa. A fagen lokaci da tafiya ma kai ya ɓace sam, "on Monday" ran Litinin ce kawai, "on foot" kuma tafiya a ƙasa.

Za a ce rabin aji Zabarmanci suke ji a gida, Faransanci ne ya haɗa kowa. Gaskiya ne, amma "sur" ta faɗi a misalan nan kusan duka, ta kuma ɓoye wa yaro bambancin da harshensa ya riga ya koya masa. Ina ganin sashen Ingilishi na Jami'ar Abdou Moumouni ya kamata ya horar da malaman da za su kwatanta "on" da harshen gida kai tsaye, Hausa ko Zabarmanci.