Dorijin ce ko Taiwan? Tarihin Neman Kayan Tsohuwar Mota a Yamai

A Yamai, idan bakanike zai aiki yaronsa neman fitilar gaba ta Peugeot 504, ba ya rubuta masa lamba a takarda. Tsohuwar da ta fashe zai ciro, ya naɗe ta cikin tsumma mai baƙin mai, ya danƙa masa, ya ce kada ya dawo sai da ƴar'uwarta. Yaro ya tari kabu-kabu ya nufi Feraye, inda ake yanka matattun motoci ana sayar da su gunduwa-gunduwa kamar nama a teburin mahauci. Rumfar farko a ce masa babu. A ta biyu a ciro masa sabuwa fil cikin kwali, tana ƙyalli, ya ɗaga ta ya ji ba nauyi, ya mayar. Abin da maigidansa ke so shi ne gilashi mai kauri da sunan Cibié ko Marchal a jikinsa, ko da ya yi dishi-dishi saboda rairayi. Duk inda ya tsaya, tambayarsa ɗaya ce: dorijin ce ko Taiwan?

Kalmar dorijin daga Faransanci ta shigo bakin kanikawa, tana nufin ƙarfe na asali, irin wanda motar ta fito da shi daga kamfani. A Turai, masu hannu da shuni ne ke farautar irin waɗannan kaya, don su mai da tsohuwar mota yadda take ranar da aka ƙera ta, su fito da ita yawon shaƙatawa. A Yamai masu neman abinci ne suka soma farautar, kuma ta girmi ƙasar Nijar mai ƴancin kai.

A ƙarshen 1924, shekara biyu kafin Yamai ta zama babban birnin mulkin mallaka a 1926, wani ayarin motoci takwas na kamfanin Citroën ya ratsa ta. Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil ne suka jagorance shi, sun taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a ƙarshen Oktoba, daga Yamai suka wuce Damagaram da Tafkin Chadi. Motocin na da taya a gaba, a baya kuma sarƙar roba ce irin ta tankar yaƙi. Tun kafin su taso an riga an jibge musu mai da kayan gyara a zango-zango, domin babu inda za su sayi ko noti ɗaya a hanya. Wannan matsala ta gaji duk motar da ta biyo bayansu. Ƙasar ba ta da teku, masana'antar tana can nesa, duk abin da ya karye sai an jira jirgin ruwa da babbar mota ta hannun gidajen kasuwancin Faransa irin su CFAO. Wanda bai iya jira sai ya koyi dabara.

Babu abin da ya adana hoton wannan dabara kamar fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Jean Rouch ya yi tare da abokansa Damouré Zika da Lam Ibrahima Dia da Tallou Mouzourane. Labarin mai fataucin kaji ne da ya bar Yamai zuwa ƙauyuka cikin wata ragargajajjiyar Citroën 2CV mai suna Patience, wato Haƙuri. Motar na mutuwa ana tashinta, har ta kai ga an kwance ta ɓangare-ɓangare don a ƙetare kogin Isa da ita, a sake harhaɗawa a ɗaya gaɓar. Masu kallo a Faransa sun sha dariya. Kanikawan Yamai kuwa aikinsu na kullum suka gani, domin 2CV mota ce mai silinda biyu, iska ke sanyaya injinta, ba ta da lagireto, mutum biyu da ƴan sifanu sun isa su warware ta.

Sai dai motar da ta raini sana'ar sayar da kayan gyara a Yamai ita ce Peugeot. Samfurin 404, kat-san-kat a bakin mutanen gari, ya fito a 1960, shekarar da Nijar ta sami ƴanci. Ƙanwarta 504 ta biyo baya a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, kuma a 1975 ta lashe tseren Safari na Kenya. Akwai ta ofis, akwai familiyal mai layi uku na kujeru da ta zama motar haya tsakanin Yamai da Doso da Ƙonni da Maraɗi, akwai kuma bashe mai tampol a baya, jakar ƴan kasuwar ƙauye.

Sirrin daɗewarsu yana cikin inji. Silindar ba a jikin gangar injin aka rarake ta ba, bututu ne dabam da ake zurawa, kanikawa na ce masa shamiz. Idan inji ya gaji ya fara shan mai yana hayaƙi, sai a ciro shamiz huɗu da fistan ɗinsu a sa sababbi, a ɗaure kulas, mota ta koma kamar budurwa. Kabireta ta Solex ana wanke ta da fetur cikin gwangwanin tumatir a busa ramukanta da baki. Dalko da buji da bobin duk a fili suke, hannu na kaiwa. Motar da ake iya tayarwa sau uku, sau huɗu, ita ce motar da kayanta ke da kasuwa.

Daga ina kayan ke zuwa? A shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin yuraniyom na Arlit ke zagawa, hanya ta farko hamada ce. Samarin Faransa da Jamus da Holan kan sayi tsohuwar 504 da arha a gida, su haye teku zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasset su shigo Nijar ta Assamaka, su sayar da motar a Arlit ko Agadas ko Yamai, su sayi tikitin jirgin komawa da kuɗin. But ɗin motar kan zo cike da abin da suka tanada don tsoron sahara: bel, famfon ruwa, shok, taya biyu ko uku. Duk a nan ake barinsu. Motocin da suka mutu a rairayi kuma ba sa kwana biyu ba a yashe su ba. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya biyo ta Agadas da Yamai a Janairun 1979, ya ƙara wa wannan hanya suna. Hanyar ta mutu a farkon shekarun 1990, da tawayen Abzinawa a arewacin Nijar da yaƙin basasar Aljeriya.

Hanya ta biyu daga kudu take. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Peugeot a unguwar Kakuri ta Kaduna, kuma shekaru da dama jiragen sama na dakon kaya ne ke kwaso sassan motocin daga Lyon su sauke a Kano. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama kamar maƙwabtanta, saboda haka Fijo ta Kaduna sitiyarinta a hagu yake, daidai da titin Nijar. Faransa ta daina ƙera 504 ta ofis a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wannan ya sa shekara ashirin bayan kayan sun fara wuya a Turai, ɗan kasuwar Yamai na iya zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ya cika buhu, ya shigo ta Maraɗi ko Ƙonni. Ta wannan hanya ce kuma fataken Ibo suka kafa shagunan kayan mota a Yamai, da hajar da suke samowa ta Nnewi da Legas.

Ranar 12 ga Janairun 1994 ta raba tarihin gida biyu. An karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk wani sabon ƙarfe da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya. Direban tasha ya daina leƙa kantin wakilin kamfani. Sai kasuwa ta rabu uku: ga dorijin sabo wanda ya fi ƙarfin talaka, ga kwaikwayo daga Taiwan, daga baya kuma Sin, ga dorijin na hannu da aka ciro daga motocin da suka yi hatsari ko suka tsufa a Turai. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta zama uwar wannan ciniki, kaya na hawowa ta Malanville su ƙetare gada zuwa Gaya. Kanikawa da yawa sun gwammace tsohon dorijin a kan sabon kwaikwayo, domin sun ga famfon ruwan da ya shekara goma a Faransa ya ƙara wasu shekarun a nan, sabon na kwali kuma ya fara yoyo kafin damina ta zagayo.

Amma jirgin da ya kawo kayan shi ya kawo kishiya. Kwatano ta cika Yamai da Toyota, ƙananan Starlet da Corolla suka mamaye aikin tasi mai jan kai, Hiace ta karɓe layin garuruwa, manyan bas na kamfanoni irin su Rimbo suka ƙwace doguwar tafiya. Peugeot ta koma hanyoyin kasuwannin ƙauye da dakon itace, inda ba a tambayar kyan jiki.

A nan ne dorijin ya fara ɓacewa, kuma kanikawan da suka raya motocin su ne suka cinye shi. Kalmarsu ita ce adafte. Idan an rasa kabiretar 504, a fafe ta wata mota a ɗaura. Altanato na Ducellier ko Paris-Rhône ya ƙone, a sa na Toyota a walda masa ƙafa. Bashe na durƙusawa da lodi, a ƙara mata ganyen sifirin. Tankin mai ya huje, a ɗora jarka a kan rufi a zuro tiyo. Mota na tafiya, iyali na cin abinci, amma duk shekara abin da ya rage na asali a jikinta raguwa yake.

Yanayin ƙasar ma ya zaɓi abin da zai bari. Sahel ba ta da dusar ƙanƙara balle gishirin da ake zubawa a titunan Turai, don haka ƙofa da bonet da ƙasan mota kan daɗe ba su ruɓe ba. Rana kuwa ba ta raga wa roba. Dashbod ya tsattsage, robar gilashi ta bushe ta zama kamar ƙilishi, jar fitilar baya ta koɗe ta koma ruwan hoda. A Faransa akasin haka ne: tsatsa ta cinye gangar jiki, ciki na nan lafiya. Mai son ya mai da 504 ɗin mahaifinsa yadda take, a Yamai zai sami ƙofa cikin yini ɗaya, amma agogon dashbod na Jaeger mai aiki, ko zakin gaba na asali wanda ƙafarsa ba ta karye ba, zai iya kai shi wata da watanni.

Abin da adafte ya bari, wuta ta ƙarasa. Kasuwar Katako da ke Bukoki, wadda ta samo sunanta daga katakon gini da ake sayarwa, ita ce matattarar masu narka dalma da sanholo. Kulas ɗin 504 da murfin giyarta na alminiyom ne, kuma alminiyom ɗin inji abin so ne ga mai zubin tukunya. Ana farfasa shi da guduma, a narka a kan gawayi ana hura zugazugi, a zuba cikin ƙirar yashi mai laima. Tun daga shekarun 2000, da farashin tsohon ƙarfe ya tashi saboda buƙatar masana'antun Asiya, masu sikeli suka shiga gari suna sayen gangar inji da kilo. Gawar motar da a da kan shekara ashirin a bayan gareji ana tsintar abin jikinta, yanzu cikin mako guda ake sare ta a loda.

A daidai wannan lokaci kuma darajar motocin ta tashi a inda aka ƙera su. Gidan tarihin Peugeot da aka buɗe a Sochaux a 1988 yana da sashen da ke sayar da kayan tsofaffin samfura, har ana sake ƙera waɗanda suka ƙare. Samfurin 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda gidan Pininfarina na Italiya ya tsara, sun zama abin gwanjo. Motar da aka yi wa kallon bola aka turo Afirka ta zama abin nema, an ƙera ta sama da miliyan 3, amma mai cikakkun kayanta na asali ta yi ƙaranci ko'ina.

Hanyar kaya ta sake karkacewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Benin, manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo da tsada. Yaron bakanike na yau, idan ya gama zagaya Feraye bai dace ba, zai kwance tsumman ya ɗauki hoton fasasshiyar fitilar da waya, ya tura ta WhatsApp ga wani dillali a Kano, wani a Maraɗi, wani a Lome. Kafin amsa ta zo, yakan biya ta Katako ya duba tarin ƙarfen da aka sauke ranar, yana jujjuya su da ƙafa, ko zai riga mai tukunya.