Sake Fentin Ƙananan Taragun Kaya na Jirgin Ƙasa

Sake fentin ƙananan taragun kaya wani reshe ne na sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa, wadda ta yi ƙarfi a Amurka, Birtaniya da Jamus. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne HO, inda ake ƙanƙanta komai sau 87. A ma'aunin N kuwa sau 160 ne.

Akan fara da kankare tsohon fenti, galibi ta hanyar jiƙa taragon roba cikin sinadarin isopropyl. Daga nan a wanke, a fesa fentin share fage, a bi da launin kamfanin jirgin da ake kwaikwaya, a manna sunansa da lambar taragon. Masu ƙwazo sukan yanke tsani da mariƙan da aka zubo tare da jikin taragon, su maye su da siririyar waya.

Gwaninta ta fi bayyana wajen tsufar da taragon. Da garin alli mai launi da tsinkakken fenti ake fito da tsatsa, ƙura da zubar mai, domin taragon gawayin dutse da na hatsi ba iri ɗaya suke yin dauɗa ba. John Allen, mai ɗaukar hoto a Monterey ta jihar Kalifoniya wanda ya rasu a 1973, yana cikin waɗanda suka yayata wannan fasaha. Kuskuren sabon shiga shi ne cika tsatsa har rubutu ya ɓace.

A ƙarshe ana fesa fenti garai marar sheƙi don kada allin ya goge da taɓawar hannu.